Shanu Sun San Hanya, Mahayan Ne Abin Kiwo

A jihar Wayomin ta Amurka shanu sun ninka mutane yawa: mutanen ba su cika dubu 600 ba, shanun kuwa sun haura miliyan ɗaya. Duk shekara idan ƙanƙara ta narke a kan duwatsu, wajen watan Yuni, masu gandun kiwo sukan kora garkunansu daga kwari zuwa makiyayar gwamnati da ke can sama, sai wajen Oktoba a sauko da su. A yankin Pinedale akwai burtalin da ake kira Green River Drift, ana bin sa tun 1896, kuma har yau a kan doki ake aikin.

Abin da zai sa Bafulatani ya riƙe baki shi ne, wasu gandayen sukan karɓi baƙi daga birni, baƙin su zube dala mai kauri don a bar su su sha ƙura a bayan shanun wani. Tsohuwar sana'a ce. Masu ita sun kafa ƙungiyarsu tun 1926 a Bozeman ta jihar Montana, fim ɗin City Slickers na 1991 kuma ya ƙara mata kasuwa. To in aka gwama 'yan gida da baƙi, aka ɗaura sirdi tun da jijjifi don a ci tafiya kafin rana ta kashe wa maruƙa jiki, azahar ba ta yi sai kowa ya nuna halinsa.

Wanda ido ke fara faɗawa a kansa shi ne Ɗan Kwalliya. Malafa ƙirar Stetson sabuwa fil, takalmi mai dogon wuya da bai taɓa taka kashin shanu ba, jan ƙyalle a wuya, ga ƙaimi yana walƙiya, wanda za a sa shi ya cire kafin ya matsa kusa da doki. Wandon jins ɗin ma jiya ya baro kanti, ɗinkin cikin cinya kuma zai yi masa bayani kafin hantsi. Iskar Wayomin ba ruwanta da tsadar malafa. Ta fizge ta, ta mirgina ta a gaban dawaki, dawaki su zabura, aiki ya tsaya ana kallon babban mutum yana bin hularsa da ɗingishi.

Sai Gwanin Baki. A takardar da ake cikawa kafin zuwa, wurin da aka tambayi ko ya iya hawa, ya rubuta "ƙwararre". Hawan nasa sau ɗaya ne, a bakin teku, lokacin angwanci, wani yaro na riƙe da ragama. Dama dokin mai baki ya fi gudu. Masu barga sun san irinsa, sai su ba shi tsohon doki mai haƙuri. Matsalar ita ce dawakin nan, irin da ake kira Quarter Horse, an haife su da karatun shanu. Da maraƙi ya ɓalle, doki ba ya jiran umarni, wuf ya karkata hagu ya tare shi. Gwani kuwa ya ci gaba da miƙewa gaba, shi kaɗai. Yana tashi yana kakkaɓe jiki zai ce majayin ne ba a ɗaure da kyau ba.

Mafi cutarwa a cikinsu shi ne Mai Ihu, ɗalibin finafinan kaboyi. A tunaninsa kora shanu sukuwa ce da kururuwa da kaɗa igiya a sama. Alhali saniya tana da iyakar da take yarda a kusance ta. Ka shiga iyakar daga bayan kafaɗarta, ta yi gaba. Ka ɓullo ta gaban kafaɗar, ta juya baya. Ka ja da baya, ta tsaya. Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Colorado ta shekara da shekaru tana koyar da wannan, haka ma marigayi Bud Williams, wanda ya yi suna wajen kora garke cikin ruwan sanyi. Mai Ihu bai karanta ko ɗaya ba. Yana ganin garke ya miƙe lafiya lau, sai ya ga kamar ba a aiki, ya saki linzami ya faɗa tsakiya da "Yiihaa!" Shanu su watse, rabi su shige cikin kurmin rafi, a ɓata sa'a guda ana zaƙulo su. Da dare kuma shi zai fi kowa ba da labari.

Shugaban aiki, wato Tsohon Shiru, kalmominsa na wuni ba su cika tafin hannu ba. Fuska ta sha rana, hula ta sha gumi har ba a gane launinta na asali. Shi ke raba wurare: mutum biyu a goshi suna nuna hanya, wasu a gefe suna hana garke faɗi, sauran a wutsiya. In ya nuna tudu da haɓa, ma'aikatansa sun gane. In ya ce wa baƙo, "Ɗan ja baya kaɗan, yallaɓai," to faɗa ne mai tsanani. Abin da ba ya yafewa shi ne a gitta ta gaban dokinsa. Karensa ma ya fi baƙin samun magana daga gare shi, kuma gaskiya karen ya fi su aiki.

Akwai kuma 'Yar Gida, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da kitso biyu, ƙafarta da ƙyar take kai likkafa. Ita ke kashe wa manya gwiwa. Lauyan da ya yi rabin sa'a yana kokawa da saniya ɗaya a cikin ƙaya, sai ta zo a sassarfa, tana tsotsar alewa, ta tsaya a wani wuri da bai ga dalilinsa ba, saniya ta fito da kanta. "Ba komai, yallaɓai, ka kusa fitar da ita," in ji ta. Ladabin ya fi zagi ciwo.

Mai Hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Hannu ɗaya a waya, linzami a sake, doki yana kiwonsa. Ya ɗauki kowane dutse, bai ga saniya goma da suka wuce ta bayansa ba.

Uwar Maruƙa kafin a yi mil biyu ta raɗa wa maraƙi huɗu suna. Tana yi musu magana da muryar rarrashi, tana hararar kare in ya ciji agarar saniya. Da kaka yawancin maruƙan nan babbar mota za su hau, amma ba wanda ke da ƙarfin halin gaya mata. Sai dai a ba ta haƙƙinta: ita ce kan lura da maraƙin da ya rabu da uwarsa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗan maraƙi in ya rasa uwa, komawa yake da gudu wurin da ya sha nono na ƙarshe, ko da mil biyar ne a baya. Shi ya sa in an isa makiyaya ba a juyawa nan take. Sai a kewaye garke a zauna a kan sirdi, ana jin kuka ta ko'ina, har kowace saniya ta shinshino ɗanta.

Tun da Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya a 1874, ƙasar ta cika da shinge, kowane shinge kuma da ƙofarsa ta waya da sanda, wadda rufe ta sai an sa kafaɗa da nishi. Nan ake gane Mai Wayon Ƙofa. Ana hango ƙofa sai likkafarsa ta buƙaci gyara, ba ta gyaruwa kuma sai wani ya riga ya sauka. Ƙaninsa shi ne Mai Neman Lada. Dokar wurin ita ce ka bar ƙofa yadda ka same ta, shi kuwa ya tarar da wadda aka bari a buɗe don shanu su kai ga ruwa, ya rufe ta ruf, yana jiran godiya.

'Yan wutsiya su ne bayin Allah. Tun zamanin da ake kora shanu daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas, daga 1867, sabon shiga ake turawa can, inda gurguwar saniya da gajiyayyen maraƙi da ƙurar kofato dubu suke taruwa. Ɗan Kwalliya can yake ƙarewa, a can ne kuma yake gano amfanin jan ƙyallen nan.

A ƙofar ƙarshe maigida ke tsayawa yana ƙirga, leɓe na motsi, domin gwamnati da kai take ba da izinin kiwo, kuma da kai take karɓar kuɗinta. A daidai lokacin ne Mai Tambaya, wanda tun safe yake neman sanin nawa ne doki, nawa ne eka, zai matso ya ce, "Wai duka-duka shanunka nawa ne?" Tambaya ce da ba a yi wa mai garke ko yana zaune a inuwa, balle yana kan ɗari biyu da arba'in da wani abu. Lissafi ya kwance. Da aka sake, sai aka ga babu saniya biyu da 'ya'yansu. Tsohon Shiru ya dubi baƙin, waɗanda suka sauka suna takawa ƙafa a wawware, ya tambayi wa zai koma nema gobe da asuba. Mai Ihu ne kaɗai ya ɗaga hannu, sai tsoho ya ce 'Yar Gida ma ta isa.