Takalmin Paul

Ranar 8 ga Agusta 1969, Iain Macmillan ya hau ɗan tsani a tsakiyar titin Abbey Road a Landan, ɗan sanda ya tare masa motoci, mawaƙan Beatles huɗu suka yi ta kai da kawo a kan zanen tsallaka titi. Hoto shida ya ɗauka cikin kamar minti goma. Ɗaya aka zaɓa aka manna a bangon faifai, ba sunan ƙungiya, ba sunan faifan. Ganin dama ke nan.

Sai masu ido da yawa suka zauna suka ƙura wa hoton ido, suka ce wai jana'izar Paul ce. John na gaba cikin fararen kaya, wai shi ne mai wa'azi. Ringo cikin baƙi, mai makoki. George da wandon jins, mai haƙa kabari. Paul kuwa ba takalmi, ga taba a hannun dama alhali bahago ne, saboda haka gawa ce ake rakawa. Har lambar wata Volkswagen da ke gefen titi aka karanta, aka ce 28IF na nufin shekarun da zai kai da yana raye. Shekarunsa 27 a lokacin, amma wa zai tsaya lissafi ana tsakiyar jana'iza?

Mamacin ya fito ya ce zafi ake yi ran nan, shi ya sa ya tuɓe takalmi.

A 2010 gwamnatin Birtaniya ta sa wurin tsallakawar cikin kayan tarihi. Direbobin unguwar na nan suna danna hon, baƙi na cire takalmi.