Kajin Minesota da Ruwan Shansu

Zuwa ga taubashi,

Labari ya iso har Amurka cewa tun da hunturu ya kama ka shige bargo biyu, asuba ma sai an yi ta buga maka ƙofa. To, saurari abin da kaji ke gani a Miniyapolis ta jihar Minesota.

A watan Janairu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, ruwa kuwa daga sifiri yake daskarewa. Kaza ba ta cika damuwa ba, zafin jikinta digiri 41 ne, ga gashi. Ƙishirwa ce matsalarta. Takan sha kusan rabin lita a rana, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, don haka in ta wuni tana saran ƙanƙara, ƙwai sai ya ɗauke.

Maƙwabciyar taubashinka wata dattijuwa ce mai kiwo a bayan gida, da takardar izinin hukuma, don a nan kaza ma sai da lasisi. Ta yar da mazubin ƙarfe, ta koma baƙar roba mai lanƙwasuwa. Da sassafe sai ta kifa ta, ta taka gindin da takalmi, ƙanƙarar ta faɗo dunƙule kamar faifai, ta zuba ruwa mai ɗumi. Kajin su yi caa a kai, tururi na tashi, zakara na ture matansa, halinka sak a gaban akushi.

Masu hali suna ɗora mazubin a kan wani faranti mai aiki da lantarki, wanda ke kunna kansa in sanyi ya doshi sifiri. Wasu kan jefa ƙwallon tebur a ruwan don iska ta riƙa kaɗa shi, amma a sanyin nan har ƙwallon daskarewa yake yi. Gishiri kuwa ba a zuba shi, yana kashe kaji.

Abin da ya fi burge taubashinka shi ne, dattijuwar ba ta barin ruwa ya kwana a akurki, sai dai a waje. Danshi ne ke sa sanyi ya ƙone zankon zakara har ya yi baƙi. Fitilar ɗumama ɗaki ma ta ƙi ta, saboda gobara.

A gaida Inna da kyau. Kajin da aka bar maka amana kuma, za a aiko a ƙirga su kafin Sallah.

Naka,
Taubashinka