Ɗakin Mutum Huɗu

A Val Thorens ta Faransa, garin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara da ke kan tsauni a tsayin mita 2,300, dillalan gidajen haya sun iya bakinsu. In talla ta ce "ɗakin mutum huɗu", biyu a gado mai hawa biyu za su kwana cikin lungun ƙofa, sauran kuma kan kujerar da ake warewa da dare, ƙafa na taɓa firji. "Minti biyu zuwa tashar motar igiya" ma ba ƙarya ba ne, in gangara kake yi. Dawowa da takalmin zamiya mai nauyin turmi kuwa, sai gwiwa ta yi ƙara. Daga Nuwamba har Mayu, safar kowa a kan hita ɗaya take bushewa, kuma babu mai wanke tasa.