Zuwa Ga Taubashiyata, Mai Kwalliyar Amare

Ladidi 'yar kawu, baiwata ta gado! Labari ya iso mana Kano cewa yanzu a Zariya ba a kiranki sai da Hajiya Mai Kwalliya, wai amarya ba ta fita kamu a Tudun Wada sai kin zana mata gira. To, barka. Mu da muka san lokacin da kike rambaɗa kwalli har ya kusa kunne, sai dai mu yi shiru. Maganar burushinki ce ta kawo ni.

Wannan babban na hoda, an ce fari ne ranar da kika saye shi. Wa zai yarda? Yau ba shi da maraba da gindin tukunyar da ta shekara a murhu. Da shi kike bin fuskar amarya, da shi ƙawayenta, da shi uwar ango, har da 'yar maƙwabta da ta leƙo kallo, sannan ki cusa shi cikin jaka tare da makulli da canjin mai adaidaita. Bayan kwana biyu ƙuraje su feso wa amarya, sai ku taru kuna salati, wai bakin mutane ne, wai dangin uwargida ba su barci. Ku bar baiwar Allah ta huta, mai laifin yana cikin jakarki.

Duk shafar da kika yi, gashin nan yana kwasar maiƙon fuska da gumi da mataccen saman fata, ya cakuɗa su da fandeshan mai danshi. Ƙwayoyin cuta kuwa abin da suke nema ke nan. A 2019, masu bincike a Jami'ar Aston da ke Birmingham a Ingila sun tattara kayan kwalliyar da mata ke amfani da su, suka duba. Kusan tara cikin goma na ɗauke da ƙwayoyin cuta, ciki har da Staphylococcus mai haddasa maruru, da E. coli wanda mazauninsa hanji ne. Kada ki tambaye ni yadda aka yi ya hau fuska. Wanda ya fi kowa ƙazanta shi ne ɗan soson nan mai siffar ƙwai da kike jiƙawa kina dandanna fandeshan: kashi 93 cikin ɗari ba a taɓa wanke su ba, kashi 64 kuma sun taɓa faɗuwa ƙasa aka ɗauka aka ci gaba. Ashe kina da dangi a Ingila, kawu bai taɓa gaya mana ba!

Burushin ido ya fi ba ni tsoro. In apolo ta shigo gari, ƙawar amarya ɗaya mai jan ido ta isa, ke kuma ki raba wa sauran kyauta da burushin gira da tsinken kwalli.

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce a wanke burushi duk kwana 7 zuwa 10. Wannan ga mai fuska ɗaya ke nan. Ke da kike cin kasuwa a fuskokin jama'a, tsakanin mutum da mutum ya kamata ki fesa sifirit ki goge, ki kuma riƙe saiti biyu, da dare a yi wanka sosai. Aikin ba wuya, ko Bazazzagiya za ta iya. Ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, da ɗan sabulun wankan jarirai a tafin hannu. Ki karkata gashin ƙasa, ki murza a hankali, ki ɗauraye har sai ruwan ya fito garau. Na san halinki, za ki tsoma su duka a bokiti ki tafi hira. Kada ki soma. Gam ne ya riƙe gashin a cikin wuyan ƙarfen nan, in ruwa ya shige shi sai gashi ya fara zuba, ki bar wa amarya gemu a haɓa. Don haka ma ba a tsayar da jiƙaƙƙen burushi a kofi. Ki matse da tawul mai tsabta, ki gyara bakinsa, ki kwantar da shi a gefen tebur gashin na leƙen waje ya sha iska. Da hunturu ki ɓoye shi daga ƙura in ya bushe, da damina kuma kada ki rufe shi da laima, fumfuna zai yi. Soson kuwa in ya kai wata uku, ki yi masa sallama, ba kayan gado ba ne.

Bikin Auta yana nan bayan Babbar Sallah, kuma Inna ta dage ke za ki yi mata kwalliya, wai sai na gida ya ƙoshi na waje ke samu. Na amince, amma ni ce a bakin ƙofa, zan zazzage jakar nan in sansana kowane burushi kafin ki shiga. Ki gaishe min da kawu, kuma ki taho da kuɗin sharata na bara, tun da sabulu ma sai na saya miki.