Ire-iren Yaran da Ake Kaiwa Yankari

Duk malamin da Allah ya jarrabe shi da rakiyar 'yan makaranta yawon yini guda zuwa gandun dajin Yankari, wanda aka buɗe wa jama'a tun 1962, ya tabbata cewa namun da ke cikin gandun ba su kai waɗanda ya ɗebo a mota wuyar sha'ani ba, domin giwa da ɓauna kowace ɗabi'arta sananniya ce, alhali kuwa yaro sai an sauka ake sanin halinsa.

Shugabansu shi ne Jikan Maharbi. Tun mota ba ta karya kwana a Dindima ba ya riga ya sanar da jama'a cewa kakansa ya taɓa kama zaki da hannu, kuma shi ma an ba shi laƙanin a koko. Da an kai bakin kogin Gaji sai ya zama mai fatawa, kowane sawu na zaki ne, kowane kashi na damisa ne, ko da kuwa ɗan jagoran da ya yi furfura a dajin ya rantse masa na gwanki ne. Yakan durƙusa, ya shinshina ƙasa, ya kaɗa kai, ya ce bai daɗe da wucewa ba, sauran kuwa su kewaye shi baki buɗe kamar almajirai gaban shehi. To, ranar da mugun dawa ya ɓullo daga bayan ɗaki a masaukin Wikki, wutsiya a miƙe, ya yi gurnani ɗaya tak, ba a sake ganin gwanin namu ba sai a ƙarƙashin kujerar direba, inda ya yi bayani, bayan numfashi ya komo masa, cewa laƙaninsa na zaki ne, ba a haɗa da alade ba.

Akwai Mai Mas'ala, wanda zai tambaye ka ko giwa tana azumi, kuma ba zai ƙyale ka ba sai da hujja. Akwai Mai Ɗanɗano, wanda bai bambance kanya da abin da zai kai shi asibiti ba. Ɗan gata kuwa, da uwarsa ta cika masa kula da shinkafa da kaza, bai kai ga bisimilla ba gwaggon biri ya zo ya karɓi zakka, bai kuwa tsaya lissafin nisabi ba. Sai Agwagwa, wanda in ya faɗa ruwan Wikki, mai ɗumin nan na digiri 31 dare da rana, babu lallashi ko barazanar da za ta fito da shi kafin la'asar.

Malamai ma ba su tsira ba. Akwai wani cikinmu, wanda ladabi ya hana ni ambaton sunansa saboda kusancinsa da mai wannan alƙalami, da yake daka tsawar "Ku yi shiru!" da ƙarfin da ke korar duk dabbar da surutun yaran bai kora ba.

Amma wanda ba na yi wa dariya shi ne mai danƙo a aljihu. Wannan yaro, da aka kawo shi ya ga ikon Allah a cikin halittarsa, ba abin da ya gani face abin harbi, sai ya faki ido ya karya fiffiken tsuntsun da ba zai ci ba, ya jefi ɗan biri a bayan uwarsa, sa'an nan in birai suka fusata wani yaron ne za su yaga wa riga. In ka tsawata masa ya ce wasa ne, in ka kai ƙara gida uban ya ce ai yaro ne. Zalunci ne, ko da mai yinsa bai balaga ba. Don haka ina roƙon iyaye, don girman Allah, ku lalube aljihun 'ya'yanku kafin su hau mota.