Masu Gwajin Saƙar Mayafin Wuya

A ƙasashen da sanyi ke cizo, irin su Ingila da Kanada da arewacin Amurka, mai tsara saƙa ba ta kai takardarta kasuwa sai wasu sun fara saƙawa an ga ko lissafi ya fita. Takardar ce ke cewa a ɗora ido kaza a kan tsinke, a yi zagaye kaza, a rufe. Galibi ba a biyan masu gwajin, zaren ma su ke saye, ladansu takardar kyauta da godiya. Duk da haka, da an ce mayafin wuya ne na ulu mai kauri, wanda ake saƙawa a zagaye a zura kai kawai, sai ka ga hannu sama ko'ina, don aikin dare biyu ne. Sauƙin nan ne ke jawo kowa da halinsa.

Mai gaggawa ita ke fara isowa. An aika takarda da la'asar, kafin asuba ta rufe saƙa. Ƙa'ida ita ce a fara saƙa ɗan ƙyalle a auna, a ga ido nawa ke shiga santimita 10, domin hannu bai zama ɗaya ba: wata ta matse zare, wata ta sake shi. Ita a ganinta wannan ɓata zare ne. To a ce takarda ta nemi ido 72, bisa ido 12 a kowace santimita 10, don a sami kewayen santimita 60. Hannunta mai matsewa ya ba da ido 15, mayafi ya fito 48, ba ya wuce kai sai da kokawa. Saƙonta gajere ne: "'Yar'uwa, lissafinki bai fita ba."

Gwanar saƙa kuwa, wadda ake murna idan ta shigo, ni a wurina ita ce mafi haɗari. Shekara da shekaru tana riƙe da tsinke, har hannunta ya daina jiran ido. Idan takarda ta yi kuskure a zagaye na tara, yatsunta za su gyara shi tana hira, ba tare da ita kanta ta sani ba. Sai ta fito da mayafi tsaf, ta ce komai lafiya lau, kuskure kuma yana nan kwance yana jiran mai saye.

Akwai wadda ta zo gwaji amma zuciyarta ta tsara nata. An ce ulu, ta sayo zaren roba irin wanda ya cika kasuwanninmu, wanda ake yi wa jarirai hula da safa lokacin hunturu. An ce kauri ɗaya, ta haɗa siriri biyu. Ta ga gefen bai yi mata ba ta canja, ta ƙara tsawo, ta liƙa maɓalli uku. Ƙarshe ta kawo rahoton cewa abin bai yi kama da na hoto ba. Ina zai yi?

Mai hoto ba ta da laifi sosai. Za ta jera zare kusa da kofin shayi, ta ɗauka ta gabas ta ɗauka ta yamma. Tambaye ta ko umarnin rufewa ya fito sarai, sai ta turo wani hoton.

Sabuwar shiga ce ke sa mai tsari ciwon kai, kuma ita ce kuɗinta ya fito a kanta, da a ce ana biya. Abin da aka rubuta shi take yi, ba ƙari ba ragi. Takarda ta ce tsinke 8, ba a ce milimita ba. Idan a Amurka take, lamba 8 milimita 5 ce. Idan tsinken kakarta ne na tsohon ma'aunin Ingila, lamba 8 milimita 4 ce. Mai tsari kuwa milimita 8 take nufi. Haka za ta tura zare mai kauri a siririn tsinke, yatsu na ciwo, saƙa ta yi tauri kamar tabarmar kaba, sannan ta tambaya a kunyace ko ita ce ba ta iya ba. Ita ce kuma ke haɗa zagayen farko a murɗe, domin ba a ce mata ta duba ba. Murɗar nan ba ta gyaruwa idan an yi nisa, sai dai a warware tun daga tushe.

Sai mai sikeli. Tana auna dunƙulen zare kafin ta fara, ta auna abin da ya rage, ta rubuta. Mai tsari ta yi alfaharin cewa dunƙule ɗaya na giram 100 ya isa, ita ta ce a'a, nata ya ƙare saura zagaye ɗaya da rabi. Ba a son jin ta, amma gaskiyarta: wadda ta koma kanti neman ciko tana iya tarar da rinin da ta saya ya ƙare, sabon kuma launinsa ya ɗan bambanta. Bayan wannan sai ta ƙara da cewa an manta waƙafi a shafi na biyu.

Kada a manta da maigida mai taimako, wanda bai shiga gwaji ba amma ya yanke hukuncinsa. Ya ga mayafi an shanya, ya haɗa shi da kayan wanki a inji, ruwa da zafi. Ulu kuwa idan zafi da gurzawa suka haɗu masa, gashinsa sarƙewa yake ya dunƙule, ba ya komawa. Ya miƙo shi yana murmushi, ya ce ai ya fi tsabta yanzu.

Wadda ta fi kowa zumuɗi ranar farko, mai cewa "ni, ni, don Allah ni", ba a sake jin ɗuriyarta. Wa'adi ya cika, an fitar da takarda, an sayar, sanyi ya wuce. Sai ga saƙonta tsakiyar zafi: ta sayi zaren, yana da kyau ƙwarai, yaushe za a fara gwajin hula?