Tauraruwa Mai Wutsiya

Kawuna yana da shagon ɗaukar hoto a Kano. Tun ranar da na gyara masa firinta ya daina kiran sunana, sai dai "Injiniya". Waya ce kawai ta zare na mayar, amma ban ga dalilin yi masa dogon bayani ba.

Ran nan ya ce in yi masa dabarar da hotuna za su riƙa kwafe kansu kullum da dare zuwa tsohuwar kwamfutar ɗakin ciki. Kowace hidima da foldarta: kamu, ɗaurin aure, dina, suna, har walimar sauka. Sun haura ɗari uku.

Na ɗauko rsync, manhajar da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostareliya a 1996, wadda ba ta wahalar da kanta wajen sake kwafar abin da bai canza ba. Na fara jera sunayen foldoji, ina kai ta goma sha ɗaya lalaci ya ce mini salamu alaikum. Sai na tuna da tauraruwa, 'yar alamar nan ta * da ke nufin "ko mene ne". Na kafa doka biyu rak: ɗauki *.jpg, bar *. Wato kwashe hotuna, watsar da tarkace.

Kafin in ɗage yatsa ta gama.

"Har an yi?" in ji Kawu.

"Kawu, ai kimiyya ke nan."

Ya aika aka sayo mini tsire. Wata takwas manhajar tana tashi ƙarfe biyun dare, ta yi aikinta, ba ta taɓa kawo ƙarar kuskure ba.

Ranar da faifan babbar kwamfuta ya fara ƙas-ƙas ya mutu, wata Hajiya na zaune tana jiran albam ɗin bikin 'yarta. Na daki ƙirji na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, komai na ajiye." Muka ɗunguma ɗakin ciki, har da yaron shago.

Hoto ɗaya ne a ciki. Fasfo ɗina, wanda na jefa a bakin babbar folda ranar gwaji, kunnuwa a baje kamar faranti.

Sai cikin dare na gano inda gizo ke saƙar. Ita rsync tana gwada kowane suna da dokokin daga sama, wadda ta fara dacewa ita ce hukunci. Sunan folda ba ya ƙarewa da .jpg, don haka sai ya gangaro hannun tauraruwa ta biyu, ita kuwa ba ta san sani ba. Foldar da aka ce a bari kuma ko leƙa cikinta ba a yi. Layi ɗaya na */ a sama shi ne zai buɗe mata ƙofofin. Abin takaicin, ko da ta shiga, hannu rabbana za ta fito, domin kyamarar Kawu da manyan baƙaƙe take rubuta .JPG, a wurin rsync kuwa jpg da JPG ko a hanya ba sa gaisawa. Akwai ma -n da -v, masu nuna maka abin da za a kwafa tun ba a taɓa komai ba. Na san da su. Tsire ne ya sha gabana.

Sati biyu na yi ina tone katunan kyamara, ina bin ƙawayen amare a WhatsApp ina roƙon abin da suka ɗauka da waya. Kawu bai ce mini uffan ba. Fasfo ɗin kawai ya wanke, ƙato, ya sa a firam ya rataye saman teburin kuɗi.

Jiya wani dattijo ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Yaushe ya rasu?"

Kawu bai ɗago daga lissafinsa ba. "Tukuna dai," ya ce.